Gyaran Kuskure a Salsalar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara bakwai ke nan da 'yan gidanmu suka ɗora mini aikin tattara salsalarmu, kuma abin da na rubuta da hannuna na sake shi ya fi sau biyar. Tun da aka ji ina wannan aiki, duk wanda ya ci karo da irin matsalar sai ya tare ni, a wajen ɗaurin aure ko zaman makoki ko ta waya. Tambayoyin da suka fi maimaituwa ne na tara a nan.

Yaya kuskure yake shiga salsala, alhali kowa ya san ubansa?

Kowa ya san ubansa, yawancinmu mun san kakanmu, wasu sun san uban kakan. Daga nan ne hazo yake farawa. Salsalarmu a baki aka riƙe ta, baki kuwa yana riƙe wanda ya yi suna ne, ya saki wanda bai yi ba. Idan malami ya haifi manomi, manomin ya haifi attajiri, bayan shekara tamanin sai ka ji ana cewa attajirin ɗan malamin ne. Manomin ya faɗi a tsakani ba tare da wani ya yi niyyar yar da shi ba.

Ban da mantuwa akwai alkunya, wadda take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana mace kiran sunan mijinta har ta mutu. Akwai riƙo. Akwai kuma son a jingina da babban gida, wanda ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Kowannensu yana da tasa amsar a ƙasa.

Ta yaya zan gane cewa akwai matsala a tamu?

Da lissafi. Ɗauki shekarar haihuwarka da shekarar da ake jin kakan farko ya rayu, ka ƙirga sunayen da ke tsakani. A ɓangaren maza, tsakanin uba da ɗa yakan kama shekara talatin zuwa arba'in idan aka daidaita. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a 1754, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817. To idan an haife ka a 1980, aka ce kakan ubanka ya yi yaƙi tare da Shehu, sunaye uku kacal ke nan za su cike shekara ɗari biyu. Dattijo yana haihuwa yana da saba'in, wannan kowa ya gani a unguwarsu. Amma a ce uku a jere duk sun yi haka, ya kamata ka tsaya. Galibi ba ƙarya aka yi ba, sunaye biyu ko uku ne suka zube.

Wata alamar ita ce suna ɗaya yana maimaituwa a jere, Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu, ko kuma ɗakuna biyu na gida ɗaya su kawo jeri daban. Wannan na biyun kada ya tsorata ka. Inda suka saɓa, nan ne za ka fara tono.

Ba su da takardar haihuwa, yaya zan san shekarunsu?

Kada ka tambayi tsohuwa shekara, tambaye ta abin da ya faru. Mutanen da suna ɗaure haihuwa da aure da mutuwa ne a jikin manyan al'amura: Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, zuwan Turawa Kano da Sakkwato a 1903, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar murar 1918, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau, domin shekarun hawansu a rubuce suke. In aka ce "yana goye aka naɗa Dikko," kai ka san Katsina ake nufi da 1906.

Idan ka samu shekarar Hijira a bangon wani littafi, ka tuna shekara 100 ta Hijira daidai take da kusan 97 ta Miladiyya. Shekarar 1300 ta kama a Nuwamban 1882, ta 1400 kuma a Nuwamban 1979. Daga waɗannan turaku biyu za ka iya auna sauran. Takardun rantsuwar shekaru da aka yi don neman aiki ko makaranta kuwa, musamman masu ɗauke da 1 ga Janairu, ka ɗauke su kintace ne.

Na ga sunaye biyu daban a wuri ɗaya. Mutum ɗaya ne ko biyu?

Wannan ya ci mini lokaci fiye da komai. Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne. Shehu da Mani Usmanu ne, Sanda Umaru ne, Maitama Yusufu, Kalla Musa, Iro Ibrahim. Sai sunayen rana da na yanayin haihuwa, Ɗanladi, Ɗanjuma, Tanko, Talle, Audi, waɗanda sukan danne sunan yanka har jikoki su tashi ba su taɓa jin sa ba. Ɗaki ɗaya ya ce Tanko, ɗaya ya ce Idi, mai rubutu ya mayar da su wa da ƙane, alhali mutum ɗaya ne.

Akasin haka ma yana faruwa. Muna mayar wa yara sunan iyayenmu, sannan mu sakaya da Abba ko Baffa ko Ummi. A gida ɗaya za ka samu Aliyu huɗu cikin shekara ɗari, sai a haɗe labarinsu a kan mutum guda, a ce shi ya je Gwanja fataucin goro, shi kuma ya hau jirgin sama zuwa Makka. Maganin abin shi ne kowane suna ka rubuta masa sunan yanka da laƙabi da sana'a da sunan uwa da inda aka binne shi. Sunan uwa ya fi raba gardama, domin maza masu suna ɗaya ba su cika haɗa sunan uwa ba. Kama da wane ba wane ba ce.

An ce kakanmu ɗan riƙo ne. Wannan yana sauya wani abu?

Yana sauyawa, kuma a nan na fi so mai bincike ya nutsu, domin abin da ya same mu ke nan. Takardar salsalarmu, wadda Baffa ya sa aka buga aka rataye a zaure, ta ce kakana Malam ɗan dagacin garinmu ne. Haka muka taso muna ji, haka maroƙa suke faɗa a bikinmu. Wata ranar Juma'a da yamma na je gaishe da Gwaggo, yayar mahaifina, na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa a faifai. Sunan Malam gare ni, shi ya sa ba ta kiran sunana. Na karanta mata jerin, tana ji ba ta ɗago ba, sai da na zo kan dagaci ta tsayar da hannu ta ce, "Babana, wa ya gaya muku? Ai Malam riƙonsa aka yi a gidan. Uwarsa ƙanwar uwargidan dagaci ce. Ubansa marini ne, shekarar yunwa ya rasu." Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" Ta ci gaba da ɓararta.

Ban taɓa takardar ba sai bayan wata huɗu, da na samu wani littafin fiƙihu da Malam ya kwafa da hannunsa, a cikin gafakarsa da ke wajen ƙanen mahaifina. A shafin ƙarshe ya rubuta sunansa da na ubansa, kamar yadda masu kwafe littafi suke yi. Sunan ba na dagaci ba ne. Shi Malam bai taɓa ɓoye ubansa ba, mu ne muka ɓoye masa shi bayan ransa. Na daɗe a zaune da littafin a cinyata ina tunanin wannan marini da shekara sama da ɗari ba wanda ya ambaci sunansa a addu'a a cikin zuriyarsa.

Riƙo da zaman agola su ne manyan ƙofofin irin wannan kuskure, saboda yaro yana kiran mai gidan Baba, gari kuma ya san shi da gidan. Kalmominmu ma suna taimaka wa ruɗanin: ƙanen uba baba ne, ɗan baffa wa ne ko ƙane. In aka ce maka "ɗansa ne," ka ƙara da tambayar "na cikinsa?" Idan ka gyara, kada ka goge mariƙin. Ka rubuta uban da ya haifa a layin jini, ka rubuta wanda ya riƙa a gefe da bayaninsa, domin shi ma ya ci a tuna da shi. Ka kuma tambaya ko an shayar da yaron a gidan, saboda shayarwa tana haramta aure ko da ba ta kawo gado.

Sunan da ke takardun mahaifina ba na ubansa ba ne. Ina aka samo shi?

Daga makaranta, mafi yawa. Lokacin da boko ya shigo, malamai suna buƙatar suna na biyu don rajista, sai a sa sunan gari ko na unguwa ko na wanda ya kawo yaron. Shagari gari ne, Tafawa Ɓalewa gari ne, Malam Aminu Kano kuma mahaifinsa Malam Yusufu ne. Yaran da aka tura makaranta daga gidan hakimi ko dagaci da yawa an rubuta su da sunan mai gidan, ko da 'ya'yan barori ne ko na talakawan gari. Saboda haka haɗa suna na biyu da wani gida ba hujja ba ce ta haɗa jini da su.

Wa zan fara tambaya, kuma ta yaya?

Tsofaffin mata, kuma yau, ba gobe ba. Maza sun fi riƙe sarauta da ƙaura da faɗa. Mata su suka san wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya zo da ɗa, wa ya sha nonon wa. Ka je ka same ta ita kaɗai ko da jika ɗaya, ba a gaban taro ba. Kada ka karanta mata abin da ke hannunka tun farko kamar yadda na yi wa Gwaggo, domin ba kowace tsohuwa za ta katse ka ba, wata kunya za ta sa ta ce haka ne. Ka bar ta ta jero nata. In ta zo sunan da ba ta iya faɗa saboda alkunya, ka kawo sunaye ta nuna da kai, ko ta ce "mai sunan wane."

Ka nemi izini ka naɗi muryarta a waya, ka rubuta ranar da wurin. Bayan wata biyu ka koma ka sake tambaya ta wata fuskar. Ka kuma je ɗakin kishiyoyi da dangin uwa, domin abin da wani ɗaki ya rufe wani ɗakin ya sani. Sai dai ka auna maganar kishi da awo biyu.

Kirarin maroƙa fa, ana kafa hujja da shi?

Ana fara bincike da shi, ba a rufewa da shi. Maroƙin gado da ya daɗe da gida yakan riƙe sunayen da 'yan gidan suka manta, kuma kirari yana adana sana'a da garin asali. Amma aikinsa ya faranta maka ne. "Jikan wane" a bakin maroƙi yana iya nufin jika na gaske, ko wanda ya fito daga zuriyar, ko wanda kawai aka haifa a ƙasar da wanen ya mulka.

Ina ake samun rubutattun shaidu?

Fara da gida: gafaka, bangon Alƙur'ani inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa, ƙarshen littattafan da aka kwafa da hannu, wasiƙun ajami, takardun rabon gado da na cinikin gida ko gona, tsohon fasfon aikin hajji. Takardar gado ta fi kowacce ƙarfi a wurina, domin a nan ne ake tantance ɗa na ciki da ɗan riƙo a gaban alƙali da shaidu, kuma kowa yana sa ido.

A waje akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Waɗannan sun fi amfani ga gidajen sarauta da na malanta da tarihin kafuwar garuruwa. Ka riƙe abu ɗaya: rubutu ba ya mayar da magana gaskiya. Baturen da ya rubuta salsalar dagatai ta bakin tafinta ya ji ta, daga mutumin da yake neman a tabbatar masa da kujera. Abin da ka samu a fayil maganar baka ce ta wancan zamani da aka zuba a takarda. Darajarta ita ce ta girmi tamu da shekara ɗari, ba wai ba ta kuskure ba.

Gidanmu sun ce daga Gabas muka zo. In ƙaryata ne?

Kada ka yi gaggawar ƙaryatawa, kada kuma ka rubuta shi a layi ɗaya da abin da ka tabbatar. Kusan kowace al'umma a yankin nan tana da labarin Gabas: Bayajidda daga Bagadaza, Barebari daga Yaman, Toronkawa da Uƙba bn Nafi'u. Baƙi kuma sun zo da gaske. Wangarawa sun shigo Kano daga Mali, Shehu Magili ya zo zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma Sharifan Kano suna danganta kansu da zuwansa. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a birni sun yi aure sun hayayyafa.

Abin dubawa shi ne igiyar da ta haɗa ka da su. Daga zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa yau shekara 1,400 ne da ɗoriya, wato ana buƙatar sunaye wajen arba'in. In takardarku tana da goma sha biyar, akwai giɓi babba, kamar yadda lissafin da ke amsa ta biyu ya nuna. Ko shekarun sarakunan Kano na farko, irin 999 da ake ba Bagauda, an same su ne ta hanyar tara tsawon mulkin sarakuna a koma baya, bayan da wani Bature mai suna Palmer ya fassara tarihin Kano a 1908. In na sarakuna haka yake, ina ga namu? Ni abin da nake yi shi ne in ja layi: daga nan zuwa ƙasa mun tabbatar, daga nan zuwa sama abin da magabata suka ce ne. Duka biyun suna cikin takardar, kowanne da matsayinsa.

Zanen fuska da sunan unguwa da wasan taubasantaka, ba su isa shaida ba?

Alamu ne masu amfani. Tsagar Gobirawa ko ta Barebari tana nuna inda aka yi wa yaro aski ranar suna da kuma gidan da ya ɗauke shi nasa, amma an yi wa bayi da 'ya'yan riƙo zanen gidan da suka tashi. Unguwanni irin Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi a Kano suna faɗin waɗanda suka kafa su ne, ba duk wanda ya zauna a ciki daga baya ba. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, ko Gobirawa da Yarabawa, in ka ga tsofaffinku suna yin sa da gaske, ka rubuta, yana nuna ɓangaren da suke ganin kansu.

Wasu daga Sudan ko Gana sun ce danginmu ne. Yaya zan tabbatar?

Yana yiwuwa ƙwarai. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a da yawa sun bi ɗansa zuwa Sudan, garin Mai Wurno yana nan a bakin Shuɗin Nilu. Alhazan ƙafa da dama sun zauna a hanya ba su dawo ba. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun bar zuriya a Salaga da zangon Kumasi. Jihadi ma ya raba gidaje: Katsinawa zuwa Maraɗi, Gobirawa zuwa Tsibiri, Zage-zagi zuwa Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu.

Ka ce su faɗi nasu jerin kafin su ga naka. In sun kawo sunan uwa ko laƙabi ko sunan gona da ba a sani ba sai a cikin gida, magana ta yi ƙarfi. In kuwa abin da ya haɗa ku "Malam Audu daga Kano" ne kawai, koma ka karanta amsar da ke kan sunaye.

Gwajin DNA zai raba gardama?

Zai raba wata, zai kuma iya haifar da wadda ta fi ta. Gwajin iri uku ne. Akwai wanda yake bin layin uba zalla, daga uba zuwa ɗa namiji. Akwai mai bin layin uwa zalla. Akwai na gaba ɗaya, wanda yake gano dangi na kusa, amma ƙarfinsa yana raguwa da rabi a kowane hawa, ta yadda bayan hawa shida ko bakwai wani kakan ba ya barin komai a jikinka. Ka tuna a hawa na goma kakanninka 1,024 ne a lissafi, salsalar da ke rataye a zaure kuwa mutum ɗaya take bi a cikinsu.

Kason da kamfanoni suke bayarwa, kashi kaza Najeriya kashi kaza Mali, kwatance ne da mutanen da suka riga suka gwada, kuma mutanen yankinmu ba su da yawa a rumbunansu. Gwajin ba ya faɗin sunan kowa, ba ya cewa kai Basullube ne ko Bagobiri. Wani abin da yake ruɗa mutane: Hausawa da dama da maƙwabtansu na yankin Tafkin Chadi suna ɗauke da layin uba mai suna R1b, wanda ya yi yawa a Turai. Namu reshen, V88, ya rabu da nasu shekaru dubbai da suka wuce, ba ya nufin kakanka Bature ne ko Balarabe.

Inda yake da amfani shi ne maza biyu daga rassa biyu da suke cewa kakansu na maza ɗaya ne. In layinsu ya dace, maganar ta samu goyon baya. In bai dace ba, ya nuna igiyar ta tsinke a wani wuri, amma ba ya faɗin a ina ko me ya sa. Riƙo kaɗai ya isa ya jawo haka, jahili kuwa zai tafi kai tsaye ga zargin wata baiwar Allah da ke kabari. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka, ta yanke a 2002 cewa ba a kore nasabar da ta tabbata a shari'a da wannan gwaji. Ban ba kowa shawarar ya gwada wani a ɓoye ba.

Na gano kakarmu baiwa ce. In rubuta?

Ka rubuta, da mutunci. Bauta ta yi yawa a ƙasar nan a ƙarni na 19, Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan Maris na 1901 ɗa ne ba bawa ba, ba a kuma soke ta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Gidaje da yawa, har da na sarauta, ta wajen kuyangi da sa-ɗaka suka fito, kuma a shari'a ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke mai gado. Matar da aka raba da garinsu da harshenta, ta haifi waɗanda suka haife ka, ba ita ce abin kunya a labarin ba. In an san garin da aka ɗauko ta ko sunanta na asali, wannan ya fi komai cancantar a adana, don shi ne aka fi saurin shafewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka tono na gidan wasu ka yaɗa. Har yau ana fasa aure a kan wannan magana.

Muna da laifi a addini da muka daɗe muna jingina da wanda ba kakanmu ba?

Aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, ita ce kuma ta ce babu laifi a kan abin da aka yi bisa kuskure, sai abin da zukata suka yi da gangan. Zaidu bn Harisa an daɗe ana kiran sa ɗan Muhammadu kafin saukarta. Gargaɗi mai tsanani da ya zo a hadisi yana kan wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Wato kafin ka sani babu komai, bayan ka tabbatar kuwa nauyi ya hau kanka. A ɗaya ɓangaren, sukar nasabar mutane an lissafa ta cikin ayyukan jahiliyya, saboda haka zato ba ya isa a cire wani daga gidansu.

Yaya zan gaya wa dangi ba tare da an ɓata ba?

Ba a dandalin WhatsApp na gida ba, ba kuma a taron Sallah ba. Ka fara da babban gida shi kaɗai. Ni na ɗauki littafin Malam na kai wa Baffa bayan sallar isha'i, na buɗe shafin na miƙa masa ban ce komai ba. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Rubutun Malam ne." Ya yi shiru, sannan ya ce in bar masa littafin. Sai da aka yi wata biyu ya kira ƙannensa da kansa. Da ni na tashi a taro na faɗa, da har yau ana cewa yaro ya zo ya raba mu da asalinmu.

Ka sa ran wasu ba za su karɓa ba, musamman wanda ya gina wani abu a kan tsohon labarin, neman sarauta ko auren da aka yi da shi. Akwai ɗan baffana da har yanzu tsohuwar takardar ce a falonsa, muna kuma gaisawa lafiya. Ba aikinka ba ne ka tilasta masa.

A takarda, yaya ake yin gyaran? Tsohuwar ta riga ta yaɗu.

Kada ka ƙona tsohuwar, kada ka goge a shiru. Ka fitar da sabuwa mai kwanan wata a sama, ka sa alama a inda aka sauya, a ƙasa ka rubuta abin da aka ce da, abin da aka ce yanzu, da dalili: wa ya faɗa, yaushe, wace takarda ce shaida, tana hannun wa. Kowane suna ka ba shi ɗaya daga matsayi uku, tabbatacce, mai rinjaye, ko abin da aka ji. In ba ka yi haka ba, bayan shekara ashirin wani jika zai tsinci tsohuwar a waya ya ɗauka ita ce ta asali, ya "gyara" taka ya mayar da kuskuren. In ka ɗora salsalar a wani shafin intanet, can ma ka gyara ka bar bayani, ka sanar da waɗanda ka san sun kwafa. Sunayen masu rai da lambobinsu kuwa ba na intanet ba ne.

Gyaran zai taɓa gado ko takardun hukuma?

In kuskuren yana can sama, a kakan kaka, yawanci ba ya taɓa komai sai takardar zaure. In yana kusa, misali ya bayyana wanda aka ba kaso ɗan riƙo ne, ko an bar wani ɗa na ciki a baya, wannan ya fi ƙarfin mai bincike. Ɗan riƙo ba ya gado, amma ana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, magada kuma suna iya yi masa kyauta da yardarsu. Ka kai shaidunka ga malamin da ya san ilimin gado ko ga alƙali, kada ka yanke hukunci da kanka.

Sauya suna a katin ɗan ƙasa ko fasfo ko takardun makaranta yana bi ta rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, kuma in ka sauya a ɗaya dole ka bi sauran har da banki, in ba haka ba su saɓa wa juna su jawo maka wahala. Mu ba mu sauya ko ɗaya ba, domin sunan Malam ne a takardunmu kuma shi ɗin kakanmu ne. Layi ɗaya aka sauya a zaure. Da matar ƙanena ta haihu bara, Baffa ya sa aka raɗa wa yaron sunan marinin.